Teburin Nomvelo a Hawa na Goma Sha Biyu

Nomvelo Gcabashe ta girma a Umlazi, wata unguwa a gefen Durban, a gidan kakarta, kuma a cikin jikoki bakwai ita ce 'yar aike. Ba don ita ce ƙarama ba, sai don ita ake gani. Sauran sun iya ɓacewa da zarar Gogo, kamar yadda suke kiran kaka a can, ta gyara murya. Ita kuwa kullum tana tsakar gida, ko a bakin famfo, inda ido zai faɗa a kanta. "Nomvelo, burodi." "Nomvelo, ɗauko min tabarauna." "Nomvelo, je ki gaya wa matar limamin coci ina gaishe ta, ki jira amsa." Haka ta gama firamare, haka ta gama sakandare.

Gida uku tsakaninsu da Sindisiwe Mkhwanazi. Ajinsu ɗaya tun suna yara, hanyarsu ɗaya, tsayinsu ma kusan ɗaya, amma mutane ba ɗaya suke kallonsu ba. In suka shiga motar haya tare, Sindi direba yake tambaya ko ta zauna daidai. In suka yi waƙa a coci, Nomvelo ce ke riƙe muryar, Sindi ake yi wa tafi. Nomvelo ba ta taɓa faɗa wa kowa abin yana cinta ba. Takan dai ce, "Ai Sindi tana da jinin mutane," da wata irin murya da za ka rasa yabo ne ko ƙorafi.

Aikinsu na farko tare suka samu, a bakin tekun Durban lokacin hutun Disamba, a rumfar da ake ajiye yaran da suka ɓace wa iyayensu cikin cunkoso. Shekara uku suna wannan. Daga nan aka yi shelar ɗaukar masu kula da wasanni a jirgin ruwan shaƙatawa, wanda ke tashi daga Durban ya kai mutane wani tsibiri a Mozambik ya dawo da su bayan kwana huɗu. Suka je, aka ɗauke su su biyu. Ranar Nomvelo ta yi murna da gaske, har ta saya wa Gogo kaza.

Murnar ta kai har ofishin Mista Govender, shugaban sashen wasanni, mutum mai sanƙo da sauri a magana. Ya miƙa wa Sindi makulli.

"Ɗakin 'yan shekara goma sha uku zuwa sha bakwai. Akwai talabijin uku, teburin ƙwallo, kujerun kwanciya. Babba ba ya shiga, ko uwa ce ta tsaya a bakin ƙofa. Duk yaron da ba shi da jan awarwaron roba a hannu, waje."

Sannan ya miƙa wa Nomvelo allo.

"Ke kuma 'yan sha takwas zuwa ashirin da ɗaya. Sun girmi ɗakin can, ba su kai zaman iyayensu ba. Ki haɗa su, su san juna."

"Ranka ya daɗe, ina ɗakin?"

"Wane ɗaki? Teburi ne, a hawa na goma sha biyu, kusa da injin askirim. Wuri mai kyau, kowa yana wucewa ta nan."

Kowa kuwa yana wucewa. Ba mai tsayawa.

Ba za a ce Nomvelo ba ta yi ƙoƙari ba. Ta tsara gasar rawa, ta tsara kacici-kacici, ta tsara ƙwallon raga a tsibiri, ta tsara wani wasa na neman abubuwan da ta ɓoye a lungunan jirgi. Ƙarfe goma na safe tana bakin teburinta da farar riga da allo da murmushi. Wani lokaci saurayi ɗaya zai zo ya zauna, ya duba hagu ya duba dama, kafin ta gama tambayar sunansa an kira shi daga bakin wurin iyo ya tashi. Wani lokaci 'yan mata biyu za su karanta allon su yi dariya su wuce. Wanda ya fi kowa zama da ita wani dattijo ne da ya ɗauka nan ake layin askirim.

Daga teburin nata kuma ana hango ƙofar Sindi, a ƙarshen baranda. Duk lokacin da aka buɗe ta, kiɗa da ihu suke fitowa, a rufe su koma. Yara suna bin Sindi har wurin cin abinci, "Sisi Sindi, Sisi Sindi," wato Yaya Sindi, kamar 'yan tsaki. Ranar sauka wasu har kuka suke yi a kafaɗarta.

Ɗakin kwanansu ɗaya a can ƙasan jirgi, gado sama da ƙasa. Da safe suna shiri Sindi za ta ce, "Ƙawata, na gaji wallahi. Yara arba'in jiya, kaina kamar zai tsage."

"Sannu. Allah ya ba ki lafiya, ya bar ki da ciwon."

"Ke fa, nawa suka zo?"

"Sun zo."

"Nawa?"

"Ke 'yar ƙidaya ce? Miƙo min man gashin nan."

A ƙarshen Janairu Govender ya tara su ya faɗi abin da kowa ke jira. Watan huɗu jirgin zai bar Durban ya tafi tekun Turai, wata bakwai. Daga sashensu mutum ɗaya za a tafi da shi, ɗayar ta sauka ta jira baɗi, in an neme ta. Bai faɗi suna ba, amma da ya ce "mutum ɗaya" Sindi ya kalla, ya kuma yi saurin mayar da ido kan takardarsa. Nomvelo ta gani. Sauka ke nan, komawa tsakar gidan Gogo tana shekara ashirin da shida, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Kowace safiya ana raba wa ma'aikata sunayen fasinjojin da ranar haihuwarsu ta faɗo cikin tafiyar, don a je a yi musu waƙa wurin cin abinci. Ba mai karanta takardar sai masu waƙar. Nomvelo, da ba ta da abin yi, tana karantawa. Wata Asabar, kwana na biyu da tashi, ta ga suna: Zekhethelo Nzuza, shekara goma sha takwas yau.

Ta san yarinyar. Doguwa ce mai kitso har baya, ta gama jarrabawar ƙarshe ta sakandare, ta hau jirgi da kakarta da ƙannen uwarta, ta kuma tarar da 'yan ajinsu huɗu a ɗakin Sindi. Ita ce mai riƙe makirfo a can, muryarta ce ke fitowa in an buɗe ƙofa. Da rana ta wuce ta gaban teburin, jan awarwaron yana nan a hannunta.

Nomvelo ta tare Sindi a matakala.

"Yarinyar nan tawa ce tun yau da safe."

"Wace?"

"Kin sani. Mai kitson."

"Haba, Velo. Kwana biyu ya rage. Ƙawayenta duka suna ciki. In yanke mata awarwaro ranar haihuwarta? Kyautar da zan ba ta ke nan?"

"Doka ce, ba ni na rubuta ba."

"To ki yi kamar ba ki gani ba. Ni ma haka na yi."

"Ke kina da arba'in. Ɗaya ce za ta talauta ki?"

Sindi ta yi dariya ta dafa mata kafaɗa. "Ba akuya ba ce da za a raba, mutum ce. Bar ta." Ta haye sama da gudu.

Dariyar ce ta kai Nomvelo ofishin Govender. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ambaci Sindi ba. Ta ajiye takardar a gabansa, ta ɗora yatsa a kan sunan, ta ce ita dai tana tsoron kada iyayen ƙananan su ji cewa akwai babba a ɗakin.

Govender ya shafa sanƙonsa. "Sindisiwe ta sani?"

Nomvelo ta ƙara tura takardar gabansa, ta bar shi ya gane cewa Sindi ta sani.

Da almakashin ofis aka yanke awarwaron, a bakin ƙofar, ƙawayen suna leƙe. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Govender da kansa ya rako ta har teburin. "Ga sabon wurinki, ga Sisi Nomvelo, za ki ji daɗi." Sindi kuma aka ba ta takardar gargaɗi ta sa hannu.

Zekhethelo ta zauna. Nomvelo ta gyara allo, ta ɗauko katunan kacici-kacici.

"Barka da ranar haihuwa, 'yar ƙanwata. Me kike so mu fara da shi?"

Yarinyar ba ta kalle ta ba. Can gefen wurin iyo take kallo, inda wata tsohuwa ke zaune a keken marasa lafiya ƙarƙashin laima, ta sa tafin hannu a goshi tana hangowa.

"Shi ke nan," yarinyar ta ce a hankali. "Ta gan ni."

Tsohuwar ta ɗaga murya. "Zekhe! Ke ce nan? Sun sako ki? Madalla, zo ki tura ni inuwa, rana ta juyo."

"Gogo, ina cikin wasa ne."

"Wane wasa, ke da mace ɗaya a teburi? Zo nan. In kin kai ni, ki sauka ɗaki ki ɗauko min maganin ƙafa. Ki biya ki karɓi ɗan Anti Thoko, tana so ta shiga ruwa."

Zekhethelo ta miƙe. Sai a lokacin ta dubi Nomvelo.

"Sisi, shekara biyu ina jiran tafiyar nan. A duk jirgin nan ɗakin can ne kaɗai ba a iya aikena. Ke ba ki da kaka ne?"

Ta tafi. Sauran kwana biyun Nomvelo tana ganinta tana kai da kawo ta gaban teburin, yau da keke, anjima da yaro a kafaɗa, anjima da faranti uku a hannu. A tsibiri ma, sa'ad da ƙawayenta ke cikin ruwa da Sindi, ita tana gadin jakunkuna da takalma.

Wata uku Nomvelo tana zargin allonta, da wasanninta, da fuskarta da ba ta kai ta Sindi ba. Ashe samarin nan da 'yan matan ba ita suke gudu ba. Duk iyalin da suka hau jirgin nan, mai shekara goma sha tara shi ne ƙafafunsu, kuma teburinta yana daidai inda iyaye ke kishingiɗe suna neman wanda za su aika. Ita da ta fi kowa sanin wannan, ba ta taɓa kawo shi a ranta ba, don idonta yana kan ƙofar wata.

Litinin ta koma wurin Govender ta roƙi ɗan ɗakin karatu na hawa na shida, wanda ba mai shiga sai mai shara. Ya ce ta ɗauka. Ta manna takarda a ƙofar: daga sha takwas zuwa ashirin da ɗaya kawai, daga ƙarfe biyu zuwa biyar. Tafiyar farko mutum tara suka zo, ta uku ɗakin ya cika har ana zama a ƙasa. Yawancin wasannin da ta tsara ba a yi su ba. Karta suke yi, 'yan mata suna yi wa juna kitso, ana musu a kan ƙwallo da mawaƙa, wasu barci kawai suke zuwa yi. Aikin Nomvelo ya koma tsayuwa a bakin ƙofa tana ba iyaye haƙuri.

"Mama, ba a shiga."

"Ɗana ne a ciki, ruwa kawai zai ɗebo min."

"Ƙarfe biyar zai fito, Mama. Ga ma'aikaci can, shi zai kawo miki."

Ta ƙware a wannan fiye da kowa, don ta san kowace dabara da babba ke yi in yana son aike.

Da watan huɗu ya kama Govender ya kira ta ita kaɗai. Ya ce ta shirya fasfo. Ya yaba ɗakin hawa na shida, sannan ya ƙara da cewa dama mai takardar gargaɗi ba a tafiya da shi waje, ko da shi aka so. Bai ce wa aka so ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Tun ranar almakashin Sindi ba ta tayar da maganar ba. Suna gaisawa, suna aron man gashi, shi ke nan. Ranar saukar Sindi, Nomvelo ta riƙe mata jaka ɗaya har bakin gadar sauka. Sindi ta buɗe aljihu ta ciro ƙwayoyin hana amai ta danƙa mata.

"Ki sha biyu kafin ku zagaya Kef, can ƙarshen ƙasar nan. An ce ruwan can ba shi da mutunci."

"Sindi..."

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Da ke ce da makullin ranar, da kin yanke mata?"

Nomvelo ta so ta ce a'a. "Da na yanke."

"Na sani." Sindi ta karɓi jakarta. "Zan shiga in gaida Gogo. Me zan ce mata?"

"Ki ce ina lafiya."

Nomvelo ta hau can sama ta tsaya a jikin ƙarfen baranda. Fasfo yana aljihunta, wata bakwai na Turai suna gabanta, ɗaki mai ƙofa yana jiranta a hawa na shida. A ƙasa, Sindi ta tsallaka filin tashar da jaka biyu, ba aiki, ba tabbacin baɗi. Wani direban motar haya ya taso da gudu ya karɓi jakunkunan, ya faɗi wata magana, Sindi ta jefa kai baya ta tuntsire da dariya har tana riƙe ƙofar motar. Daga hawa na goma sha biyu ba a jin abin da ya faɗa. Nomvelo ta tsaya tana kallo har motar ta fita ƙofar tasha, tana ta tunanin me ya ce mata da ya kai a yi masa wannan dariyar.