Bindigogin Katako a Hanyar Kusada

Mun tashi da asuba daga Kano, mu da kyamara da buhun bindigogin katako da muka shafa wa baƙin fenti. Fim za mu ɗauka kan ta'asar ɓarayin daji, irin wanda muke bugun ƙirji cewa zai tashi gwamnati daga barci. Daraktanmu tun daga Bichi yake wa'azin hakan, har direba ya ƙara muryar rediyo.

Da hantsi muka isa Kankia. Muka karya da waina mai zafi, wadda arharta ta sa na fara zargin masu wainar unguwarmu. Daga nan muka karkata Kusada, gero da dawa sun tsaya dama da hagu gwanin sha'awa. A tasha muka ɗauki 'yan acaɓa su fito a matsayin ɓarayi. Wani magidanci mai fara'a a cikinsu shi ya fi kowa murna, wai yau matarsa za ta san ta auri jarumi.

Muka gaida mai garin wani ƙauye, ya ba mu fili a bayan gonaki. Aka naɗa wa 'yan acaɓan rawani, suka rataya katako, suka taho a guje. Abin ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Ashe cikin 'yan kallo wani ya ɗauki bidiyo a waya ya tura wa mutane, daidai inda rawanin magidancin nan ya zame.

Kafin azahar matarsa ta kira tana kuka. Bidiyon ya zaga gari, ana cewa ga fuskar mai kai wa ɓarayi rahoto. A wannan yanki irin zargin nan yana iya cin ran mutum. Fara'arsa ta ɗauke.

"Yallaɓai, ku Kano za ku tahi," ya ce da darakta. "Ni nan nike kwana da ɗiyana."

Gardama ta kaure tsakaninmu. Darakta na ganin in ba a nuna bindiga ba, masu mulki ba za su ji zafin ba. Ni kuwa na ce zafin ya riga ya sauka, amma a kan wanda bai ci ba bai sha ba.

Mai gari ne ya fisshe mu. Ya sa mai shela ya zaga, liman ya yi bayani bayan la'asar. Sannan muka bi magidancin cikin kasuwa, kansa ba rawani, muna miƙa wa jama'a bindigogin suna ƙwanƙwasawa. Wata tsohuwa mai daddawa ta roƙi guda, wai za ta yi muciya. Aka yi dariya, sai a lokacin na ga magidancin ya sauke numfashi. Darakta da hannunsa ya goge wannan fitowa ta ɓarayi daga kyamara.

Mun iso gida bayan isha'i, a gajiye, babu fim ɗin da muka je nema. Amma wallahi ina godiya ga Allah da mutanen Kusada, da suka rufa mana asiri ba tare da gori ba. Na koyi cewa yaƙin da muke shiryawa a gaban kyamara, wasu a cikinsa suke kwana. Kafin in sake ɗora bindiga a kafaɗar wani, ko ta katako ce, sai na tambaye shi inda zai koma in mun naɗe kayanmu.