Ɗakin Fiya-fiyar Yaya Sani

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, wanda duk Ƙofar Mazugal aka fi sani da Mai Fiya-fiya. Allah ya jiƙansa. Har yau in na tuna shi, baƙin ciki da haushi tare suke zo mini.

Maganin sauro da kuɗin-cizo yake haɗawa a wani ɗan ɗaki, yana ɗurawa a kwalabe. Sai ya ja ƙofa, ya toshe taga da tsumma, wai kada ƙarfin maganin ya bi iska. Mutanenmu ma da nasu laifin: sai sun buɗe kwalba sun shaƙa, in bai hau musu kai ba su ce an tsinka shi. In ya fito ido jawur, gumi sharkaf, sai ya kwankwaɗi madarar gwangwani, wai ta wanke komai. In na ce madara ciki take zuwa ba ƙirji ba, ya ce na cika tsaurin ido.

Sannu a hankali zuciyarsa ta rikice, ta yi ta dukan uku-uku yana zaune lafiya lau. Daga gida zuwa masallaci sai ya huta a dakalin mutane. Likita ya ce guba ce ta taɓa zuciyar, lallai ya bar sana'ar. "In bari, yaran su ci me?" Iyakar amsarsa ke nan. A bakin ɗakin nan ya yanke jiki ya faɗi wata rana da hantsi.

Da zai leƙo yau, zai tarar da kwatar unguwa tana nan, sauro ya ƙaru. Zai kuma tarar da matarsa Binta a ɗakin tana haɗa maganin, abin da na san ba zai taɓa yarda da shi ba. Ta gwada ɗinki, ta gwada ƙosai, babu wanda ya riƙe gidan, masu saye kuma ba su daina sallama ba. Na yi faɗa har na gaji. Ni ma ba ni da abin da zan ce ta koma yi.

Yaya ya bar yara masu ladabi da suna mai kyau. Ya kuma bar sana'ar da ke ciyar da su.

Ran Juma'a na je gidan. Binta ta kamo hannuna ta ɗora a ƙirjinta, ta ce, "Ke da kika san nasa, ji wannan." Ban kai ga amsawa ba aka yi sallama daga zaure ana neman kwalba biyu, ta saki hannuna ta miƙe.