Bugun Ƙasar Dokta Tanko

Duk Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda ya san takamaimai aikin Dokta Tanko Didam, har da matarsa Ladi da ta haifa masa 'ya'ya huɗu. An dai san malami ne a Cibiyar Fiziks ta jami'a, kuma dattijo ne a majami'arsu ta Tarauni. Da ya tare a layin aka ji ana ce masa Dokta, sai mata suka yi ta kawo masa yara masu zazzaɓi, yana ba su haƙuri yana cewa shi ba na allura ba ne. Daga bisani suka yanke hukunci cewa likita ne da ya faɗi jarrabawa, suka shafa masa lafiya.

Ɗan wani ƙauye ne kusa da Zonkwa. Ya zo Kano karatu lokacin da cibiyar take amarya, wani Bature mai gajeren wando da Indiyawa biyu suna ta kwance na'urori daga akwatuna. A hannun Baturen ya koyi neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa da wutar lantarki. Sai soja suka zauna daram a kan mulki. Bature ya tattara ya koma, Indiyawa suka bi sahu, masu wayo cikin 'yan gida suka gudu Saudiyya da Botsuwana. Yajin aiki ya fi karatu yawa, na'urori suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in za a gwada wa ɗalibai abu sai a zana shi a allo a ce su yi imani. Tanko bai tafi ko'ina ba. Ba kishin ƙasa ya riƙe shi ba, Ladi ce ta ce ita ba za ta hau jirgin sama ba.

Abin da ya gada wurin Baturen akwati ne mai allura, da wayoyi, da turakun ƙarfe, da guduma. Ranar Asabar yakan kwashi ɗalibai zuwa filayen Darmanawa, ya buga turakun a ƙasa, ya haɗa waya, ya tsuguna yana kallon allura. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwa ba ya zama sai inda dutsen ya tsage, allurar kuwa tana nuna tsagar. Bai taɓa zama farfesa ba, motarsa ma sai an tura. Abin alfaharinsa guda ne: bai taɓa faɗin abin da allura ba ta faɗa ba.

To, Hausar Ladi ta kasuwar Zonkwa ce, abin da ido ya gani shi baki ke faɗi. Duk wanda ya yi sallama ranar Asabar sai ta ce, "Baban Miriam ba ya nan, ya tafi bugun ƙasa." Ita guduma take nufi. Bakano kuwa da ya ji bugun ƙasa, sai ya hango malamin duba da faifan yashi yana zana gaibu. Magana zarar bunu, kafin Dokta ya farga ta gama zaga unguwa.

Ana haka soja suka ce za su koma bariki. Duk wanda ke da babbar riga ya wanke ta ya tsaya takara. Cikinsu har da Ɗan'azumi, mai sayar da tsofaffin tayoyi, wanda ya fito neman kansila da alkawarin rijiyar burtsatse a layinsu Dokta. Alkawarin ya shiga rai, don da bazara rijiyoyin layin ƙafewa suke yi, famfo kuwa tun zamanin Baturen yake tari ba ya kawo komai.

Wata safiya Ɗan'azumi ya zo ya durƙusa, ya rage murya. "Ranka ya daɗe, an ce kana bugawa. A duba mana, za a samu kuwa?"

Dokta ya ɗauka zancen ruwa ake, don ya daɗe da auna layin. Ya ce, "Za a samu, in an bi inda na ce."

Ɗan'azumi ya ci zaɓe da rata mai yawa.

Bayan rantsuwa aka amince da burtsatse, guda ɗaya tal, in an huda ba ruwa shi ke nan. Kansila ya ce a ƙofar gidansa za a haƙa, don duk mai ɗiba ya riƙa gaishe shi. Hankalin Dokta ya tashi. Ƙofar Kansila dutse ne curi guda, ko shekara za a yi ana huda sai dai gari ya fito. Tsagar tana can ƙarshen layi, daidai ƙofar Lawan, mutumin da Kansila ya kayar, wanda ko gaisawa ba sa yi.

Dokta ya sa kwat ya je ya yi bayani dalla-dalla, da zane da Turanci. Kansila ya yi hamma ya ce, "Dokta, wannan ai boko ne. Injiniyan 'yan kwangila ma ya ce ko'ina aka huda ruwa ne." Ya juya yana amsa gaisuwar 'yan maula.

A gida Ladi ba ta rage masa ba. Ta ce, "Shekara nawa kana karatun ruwa, ni kuma ina bin 'yan garuwa? Motar haƙa tana hanya. In sun huda dutse, sai mu sha takardunka."

Abin ya dame shi ƙwarai, don ya san yaren da Kansila ke ji, ya kuma san yaren ƙarya ne. Ranar da mota ta iso ya tuɓe kwat ya sa doguwar riga, ya saɓi guduma. A gaban jama'a ya buga turaku a ƙofar Kansila, ya tsuguna, ya ƙura wa ƙasa ido har masu kallo suka fara tsarguwa. Sannan ya girgiza kai.

Kansila ya matso. "Malam, lafiya?"

"Ƙasa ta ce wanda ya huda ƙofar gidansa, kujerarsa ta ramin za ta zurare."

"Subhanallahi! To ina ta ce a huda?"

"Ƙofar abokin gabarka. Ka shayar da shi, ka sha gabansa."

Ko la'asar ba a yi ba mota ta koma ƙofar Lawan. Ranar da ruwa ya yi tsiri sama, mata suka rangaɗa guɗa, Ladi ta yi rawa a tsakiyar titi. Wurin bikin buɗewa Kansila ya riƙe lasifika ya gode wa "Malam Tanko, gwanin bugun ƙasa, wanda aikinsa ba ya faɗuwa", faston su Dokta yana zaune a sahun gaba an gayyato shi.

Dattawan majami'a suka kira shi. Ya fara bayanin lantarki da tsagar dutse, fasto ya katse shi. "Baba Tanko, tambaya ɗaya ce. Ka ce ƙasa ta yi magana, ko ba ka ce ba?" Ya ce ya ce. Aka sauke shi daga bencin dattawa zuwa na baya. A cibiya kuwa abokan aiki suka raɗa masa Farfesan Gaibu, shugaban ma ya tambaye shi ko zai duba masa yaushe za a gyara janareta. Dokta ya yi dariya tare da su. A ganinsa ciniki ya faɗa, benci ɗaya a bakin ruwan layi guda.

Wata yamma yana wucewa ta bakin burtsatse, wata tsohuwa ta ajiye bokitinta ta kama hannun rigarsa. Inna Uwani ce, mai sayar da daddawa a bayan layi. Ta ce ɗanta soja ne, an kai su Saliyo, abokan tafiyarsa sun fara dawowa, shi ko labari babu.

"Ɗan nan, ka buga mini. Yana raye?"

Dokta ya ce, "Inna, ki yafe mini. Ni ruwa kaɗai na sani. Abin da na gaya wa Kansila ƙarya ce na shirya."

Ta dubi famfon yana zuba, ta dubi fuskarsa.

"Ga ruwa kuwa," in ji ta.

"Inna, ki yarda da ni, ba na ganin komai."

Sai ta saki rigar a hankali, tana gyaɗa kai.

"Ka gani ke nan," ta ce. "Tausayina kake ji."

Ta zauna a ƙasa cikin laka ta fara salati, hawaye na zuba. Dokta ya tsuguna a gabanta yana ta rantsuwa cewa gaskiya yake faɗa, matan da ke layin ɗiban ruwa kuwa suka ajiye bokitai, suka zo suna yi mata ta'aziyya.