Ƙosai a Cikin Shafin Littafina

Ranar da maigidana ya saka wata manhaja a kwamfutarsa na gane na yi asara a banza.

Na daɗe ina karanta littattafan soyayya a kwamfutar nan, idona yana zafi yana hawaye. Kowa a gidanmu na Yalwawa a nan Dutse ya ce karatu ne ya yi min yawa. Na tsorata, na kwashe littattafaina na takarda da na tara tun ina budurwa, na ba Iya mai ƙosai don kar su riƙa ja na.

Da maigidana ya lallashe ni na gwada manhajar, har la'asar ina karatu, ko ɗigon hawaye babu.

Ya ce, "Amarya, allon ne yake ɓari wajen haɗa launi. Ba kya gani, amma idonki yana wahala. Manhajar ta tsayar da shi."

Na ce, "Yallaɓai, to littattafaina me suka yi min?"



Jiya na sayi ƙosai, sai ga shi an naɗo min a shafin da na fi so, duk mai ya jiƙa shi.

Zan sake tarawa daga farko. 'Yan Dutse, wa ke da tsofaffin littattafan soyayya?