Burulkan 'Yar Osmonali, Wadda Cutarta Ta Riga Ta Mutuwa

Haihuwa da Tasowa

An haifi Burulkan a shekarar 1961 a garin At-Bashi na ƙasar Kirgistan. Mahaifinta Osmonali makiyayin dawaki ne, mahaifiyarta Ajar kuwa mai sana'ar dardumar ulu, kuma a hannunta Burulkan ta gaji sana'ar bayan ta kammala makarantar gari a 1978.

Aure da Sana'a

A 1981 ta auri Moldokasim, direban babbar mota, wanda ya rasu a 2004. Ta ci gaba da riƙe gidan da yatsunta, har ya zama duk amaryar da aka kai ba da dardumar Burulkan ba sai an yi tsegumi.

Jinya

A 2016 ciwon gaɓoɓi ya murɗe mata yatsu. A 2018 wata likita a Bishkek ta ɗora ta a kan wata allura mai kwantar da garkuwar jiki, kuma cikin wata biyu ta koma aiki. Amma allurar ta tayar da tarin fuka da ya daɗe yana barci a huhunta ba tare da sanin kowa ba. A Maris 2019 aka dakatar da allurar, aka fara maganin tarin. Babban ɗanta, Talantbek, ya ɗora hannu a kan burodi a gaban dangi ya yi rantsuwa cewa allurar nan ba za ta sake taɓa mahaifiyarsa ba. A wajenmu wanda ya rantse da burodi ba ya janyewa.

Tari ya tsaya, ta yi ƙiba, aka yanka tunkiyar godiya. A mako na bakwai da fara maganin sai ta fara kiran kalolin ulu da sunayen matattu, tana miƙa shayi ga gefen da babu kowa. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna kumburi uku da babu su a da. Likitar ta keɓe Talantbek, domin a al'adarmu ba a faɗa wa majiyyaci mugun labari, ta yi masa bayanin cewa maganin yana aiki, garkuwar da ta farka ce take faɗa da gawar ƙwayoyin cutar, tana cin jikin mai ita. Magungunan rage kumburi sun gaza, saura a mayar da allurar.

"Yaya likita," in ji shi, "wato abin da ya kunna wutar shi za ki aika ya kashe ta? Ni ba yaro ba ne."

Ya ɗauke ta zuwa makiyayar tsaunuka shan nonon goɗiya, yadda kakanninmu ke maganin tari. Ta taɓa tambayarsa, "Ɗana, me likitar ta ce?" Ya ce, "Ta ce kin warke, Inna."

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Yuni 2019, aka binne ta kusa da mijinta. Ranar sadakar arba'in, ana tsakiyar rabon nama, sakamakon gwajinta na ƙarshe ya iso: babu ƙwayar tarin fuka mai rai ko ɗaya. Abin baƙin cikin, Talantbek bai yi mata ƙarya ba.

Ta bar 'ya'ya uku: Jipara, malamar makaranta a Narin, Mederbek, mai aikin gini a Mosko, da Talantbek, wanda ya karanta takardar shi kaɗai, ya ninke ta, kuma har yau ƙannensa sun ɗauka tarin fuka ne ya kashe mahaifiyarsu.