Martins Ya Gaji da Mutuwa

Martins mai facin taya ne a bakin tashar Birnin Gwari, ɗan wani malamin asibiti da ya zo aiki daga Kafanchan bai koma ba. A nan aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan kuma ya mutu sau da yawa fiye da kowa a garin.

Tun da ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Gamji, a gawa yake fitowa. Garin da ke bakin daji ba ya rasa mutuwa a labarinsa, to amma wa zai kwanta a lulluɓe shi da farin ƙyalle? Wannan ya ce tsohuwarsa ta hana, wancan ya ce jikinsa ba ya ba shi. Sai a juyo: "Martins, ai ku 'yan coci ba ku da wannan camfin." Suna da shi. Tasa uwar ma ta hana, bai dai faɗa ba, don yana tsoron in ya ƙi kwanciya ba za a ba shi tsayuwa ba.

Ya ƙware kuwa, ƙuda na yawo a hancinsa ba ya motsi. Amma burinsa ɗaya ne: matarsa Susan ta ji muryarsa a lasifika, ko da sau ɗaya.

Sai aka zaɓi Malama Furera, mai koyarwa a firamare, shugabar ƙungiya. Ta ce, "Daga yau babu mai gadon matsayi. Mace da namiji, ɗan masallaci da ɗan coci, Bagwari da Bafulatani, kowa ya sa hannu a hula ya ɗauki ƙuri'ar rabonsa." Aka tafa. Ni dai na san adalcin nata da biyu. Ta gaji da fitowa mai kuka a gidan makoki, idonta na kan kujerar alƙali, wadda Haruna, mutumin da ya kafa ƙungiyar, ya riƙe kamar ta gidansu. Shi kuwa Haruna ya fi kowa tafi, don hular tasa ce, bai ga yadda za ta ci amanarsa ba.

Furera ta ɗauko mai kuka. Haruna ya ɗauko gawa. Martins ya ɗauko alƙali, ya fita waje ya zagaya bishiyar mangwaro yana dariya shi kaɗai.

Washegari sai ga Haruna a tasha, yana tura babur.

"Yaya Haruna, tayar nan fa ƙalau take."

"Zumunci ne ya kawo ni, ƙanena. Kai gwani ne. Duk garin nan ba mai mutuwa kamarka. Mu yi musaya mana."

Kunya ta kama Martins, har ya fara sosa ƙeya. Susan da ta kawo masa abinci ta ajiye kwano.

"Yaya Haruna, na riga na gayyato matan zumuntar cocinmu kaf ɗinsu. Ka mutu kawai, ba ciwo."

Ranar wasa, bayan la'asar, filin firamare ya cika. Shari'ar wani manomi ce da aka tsinci gawarsa a hanyar gona. Aka ajiye makara a gaban kotu, ƙyalle na rawa saboda addu'o'in da Haruna ke jerowa a ƙarƙashinsa. Martins ya hau kujera cikin babbar riga, ya ɗaga kai. Bai taɓa ganin 'yan kallo ba, kullum idonsa a rufe yake. Ashe haka suke da yawa. Abin da ya haddace ya ɓace masa.

Shiru ya yi tsawo. Sai gawa ta yi raɗa: "Ka ce a shigo da mai ƙara." Ba don ƙauna ba ne, zafi ne ya ishe ta, tana so a gama. Lasifika ta kwashe raɗar ta watsa har bakin titi.

Fili ya kece da dariya. Ita ce ta kwance harshen Martins. Ya buga tebur ya ce, "Mamaci, kotu ba ta ba ka izinin magana ba."

Kukan Furera ya sarƙe da dariya, ta durƙushe tana riƙe ciki. Susan ta haye benci tana nuna wa matan zumunta shi, kamar ba su san shi ba. Martins kuwa ya samu baki. Ya kira shaidun da ke cikin wasan, ya ƙare su, ya fara kiran waɗanda babu, har da mai rake na bakin ƙofa.

Daga ƙarƙashin ƙyalle aka ce, "Don Allah ka yanke hukunci."

"Haƙuri, Yaya," in ji alƙali, yana gyara zama. "Yanzu muka fara."