Obadiah Mai Askin Shinge

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a shekarun da jirgin ƙasa ya fara nauyin ƙafa ya san Obadiah mai askin shinge. Mutumin Manchok ne, gajere mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk zanen ƙaya kamar kaji sun yi tono a kai. Ƙuruciyarsa a kwatas ɗin reluwe ta ƙare, yana gyaran furanni. Da aka rage ma'aikata, sai ya ɗaure babban almakashinsa da adda a bayan keke, ya shiga bin gidaje.

Wajen aiki ba a raina shi. In ya aske shinge, gindi da faɗi, sama a tsuke, don rana ta kai ga ganyen ƙasa. Ya sare busasshen reshe, ya ɓamɓare kauci, ya shafa toka a bakin saran. Aibinsa ɗaya ne, bai iya ce wa mai tukunya a'a ba.

Akwai wani shingen lemun tsami mai mugunyar ƙaya tsakanin gidan Malam Bartholomew, hedimasta mai ritaya, da gidan Mama Kosiso, wata Ibo mai suyar garin rogo, matar marigayi direban jirgi. Tun da suka yi cacar baki kan wa ke da 'ya'yan lemun, ko gaisuwa ba sa yi.

Malam ne ya fara kiransa. "Obadiah, so nake shingen nan ya yi tsawo. Hayaƙin matar nan ya ishe ni."

"An gama, Malam," in ji shi, yana yankar tuwon accan da Malam ya sa aka kawo masa.

Kashegari Mama Kosiso ta tare shi a ƙofa. "Baba Obadiah, wannan itace ya hana rogo na bushewa. Ka yanka shi ƙasa ƙasa."

Ƙamshin miyar agushi ya riga ya kai masa hanci. "An gama, Madam."

Daga nan shinge bai ƙara tsawo ba, bai kuma ragu ba. In Malam ya yi ƙorafi, sai Obadiah ya ce lemu ba ya tofo sai an ɗan rage masa kai. In Mama ta yi mita, ya ce in aka sare shi gaba ɗaya zai fusata ya fito da rassa ninki biyu. Duka maganganun gaskiya ne, shi ya sa yake faɗinsu ko ƙifta ido ba ya yi.

Tsoronsa ɗaya, kada wani ya hasala ya sa a tumɓuke shingen dungum. Don haka ya riƙa yayyafa wa wutar ruwa. Ya gaya wa Malam wai Mama ta ce duk unguwar ba mai tsabtar tsakar gida kamarsa. Ya gaya wa Mama wai in tana waƙar coci a bakin murhu, Malam kashe rediyonsa yake yi don ya saurara. Mama ta ƙara ɗaga murya. Malam ya koma shara safe da yamma.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, Obadiah ya yi kumatu.

Ranar da aka yi wa jikar Malam baftisma, sai ga Mama Kosiso da kwanon shinkafa niƙi-niƙi. Malam ya rasa inda zai sa kansa don kunya, ya ce ya gode, ya kuma gode da yabon tsakar gidansa.

"Ni? Yaushe na yabi?" in ji Mama. "Kai ne kana kashe rediyo saboda waƙa na."

"Rediyon da ya lalace tun bara?"

Suka tsaya kallon juna. Aka ce Mama ce ta fara fashewa da dariya, har ta dafa bango.

Asabar ta zagayo, Obadiah ya jingine kekensa, ya tarar da su biyun zaune kan benci ɗaya a bakin shinge.

"Sannu da zuwa," in ji Malam. "Yau a gabanmu za ka yi aikin. Sama za shi ko ƙasa?"

Obadiah ya cire hula. "Malam, Madam, mu fara da addu'a."

Ya ja addu'a, ya bi marasa lafiya da matafiya da ɗalibai masu jarrabawa, yana satar kallonsu da ido ɗaya ko sun huce. Da Mama ta gaji ta ce amin da ƙarfi, sai ya miƙe ya auna tsakiyar shingen da taku, ya sare ƙofa daidai wucewar mutum ɗaya. Ya rage ɓangaren shanya, ya bar ɓangaren murhu da tsawonsa. Mintin da aikin ya ci bai kai na addu'ar ba.

"Ashe ka iya tun da?" in ji Malam.

"Itace ba ya son gaggawa, Malam."

Suka yanke masa hukuncin tsinke lemun gaba ɗaya da hannu, ya raba biyu. Ran nan ƙaya ta rama wa kowa.

Da gwiwa ta hana shi hawa keke, ya koma Manchok wurin 'yarsa Lai'atu. Can ya riƙa ba da labarin yadda ya shirya maƙwabta biyu da suka gagari dattawan unguwa. Ya faɗa, ya sake faɗa, har ikilisiyarsu ta sa shi cikin masu sasanta rigingimun iyakar gona.